Yadda muka nemo wa Bidi linzamin da ya dace da bakinsa

Dokin da na saya, wanda muke kira Bidi, ɗan shekara huɗu ne, bidi, mai sanyin hali a turke, amma da zarar an sa masa linzami sai ya rikiɗe. Ya riƙa kaɗa kai, yana hangame baki, wani lokaci ya zaro harshe ta gefe. In na ja kamazuru don ya tsaya, sai ya ɗaga hanci sama ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba da shi ake ba. Kowa ya gani yana da magani a baki. Wannan ya ce a sa masa linzami mai sarƙa, wancan ya ce a tamke bakin da maɗaurin hanci, wani ya ce igiyar zarge ce kaɗai za ta sauke masa kai. Dattijon da ke horar da dawaki a bargar da nake ajiye shi, wanda kowa ke kira Baba, bai tanka ba sai ranar da na same shi da linzamai a hannu ina tambayar wanne zan ɗauka. Ko kallonsu bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, ajiye su tukuna. A fara kiran likita ya duba bakin."

Likitan dabbobi ya zo, ya yi wa Bidi allurar da ke sa dabba ta yi laushi tana tsaye, ya sa masa ƙarfen da ke riƙe baki a buɗe, ya haska tocila, ya ce in leƙa. Bakin doki yana da zurfi fiye da yadda ake gani daga waje. A gaba akwai haƙoran tsinkar ciyawa, shida sama, shida ƙasa. Bayansu sai wani fili na dasashi da ba haƙori, sannan can ciki jerin turame, shida-shida a kowane gefe, sama da ƙasa. A wannan filin linzami yake zama, a kan harshe da dasashin ƙasa. Namiji yakan fid da fiƙa a wurin tsakanin shekara 4 zuwa 5, na Bidi kuwa sun fara huda, wurin ya yi ja ya ɗan tasa. Likita ya ce doki ba ya gama canza haƙora sai ya kai kimanin shekara 5, saboda haka duk ɗan shekara huɗun da aka ce yana da taurin baki, a fara zargin haƙori kafin a zargi hali.

Ya kama hannuna ya tura can ciki ta gefen kumatu. Na ji kaifi ƙarara. Dalilinsa shi ne muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, turamen kuma ba sa daina fitowa, suna ƙaruwa milimita 2 zuwa 3 a shekara, tauna tana cinye su. Gefen waje na turamen sama da gefen ciki na turamen ƙasa ba sa samun abin gogawa, sai su yi tsini. Na sama su yanki kumatu, na ƙasa su yanki harshe. A cikin kumatun Bidi na dama akwai gyambo guda, ɗanye. Da an bi shawarar mai cewa a tamke hanci, da an danna wannan gyambon a kan tsinin da ya haifar da shi. Akwai kuma wani ɗan guntun haƙori a gaban turmin farko na sama, marar aiki, mai gajeriyar saiwa, wanda ba kowane doki ke da shi ba. Yana zaune daidai inda linzami ke tura fatar baki idan an ja. Likita ya cire shi, ya goge tsinin da magagari, ya ce a bar bakin mako ɗaya zuwa biyu ba ƙarfe. Kafin ya cire ƙarfensa ya nuna mini abu biyu da ya ce in riƙe: harshen dokin nan mai kauri ne, ganɗarsa kuma ba ta da zurfi. Wato dai wurin da ya rage wa linzami a cikin bakin kaɗan ne.

Da bakin ya warke muka shiga awo. Baba ya ɗauko wata 'yar sanda mai santsi, ya sa a bakin a inda linzami zai zauna, ya jira har Bidi ya daina tauna ta, sannan ya yi alama a jikin leɓe ta kowane gefe. Da muka ɗora rula, santimita 12.5 ne, wato inci 5. Wannan shi ne faɗin baki, ba lalle shi ne girman linzamin ba. Idan zoben linzamin mai juyawa ne a cikin rami, ana ƙara kamar rabin santimita a kowane gefe, don kada ramin ya tsunkuli leɓe lokacin da zoben ke motsi. Idan zoben kafaffe ne, ba ya buƙatar wannan rarar, yana iya kwanciya kusa da leɓe. Linzamin da ya yi ƙanƙanta yana matse leɓe a kan haƙori. Wanda ya yi yawa kuma, kuma shi aka fi gani, yana zamewa daga gefe zuwa gefe, gaɓarsa ta bar tsakiyar harshe ta hau kan dasashi. Wanda Bidi ya zo da shi inci 5 da rabi ne, mai gaɓa ɗaya, ya yi masa yawa.

Kauri kuma da yatsu aka gwada. Baba ya sa na haɗa manuniya da ɗan tsakiya, ɗaya bisa ɗaya, na zura ta gefe a filin da ba haƙori, bayan fiƙa, na jira dokin ya rufe baki. Na ji dasashin sama da na ƙasa sun matse yatsun. Ya ce to, ba za mu wuce milimita 14 ba. Da yatsun sun sami sarari, da mun iya kai wa 16 ko 18. Mutane da yawa suna ganin linzami mai kauri shi ne mai tausayi, tunda yana baza matsi a wuri mai faɗi. Gaskiya ne, amma sai in akwai wurinsa. Dokin da ba zai iya rufe baki a kan ƙarfen ba, ba tausayi aka yi masa ba. Siriri sosai kuma yana nutsewa a nama. A tsakanin nan ake nema.

Da ya ga kamar ban ɗauki maganar dasashi da nauyi ba, sai ya ce in zauna in naɗe wando. Ya ɗora linzamin a kan ƙwaurina, ya riƙe kamazuru ya ɗan ja da yatsu biyu. Na janye ƙafa ba shiri. Ya ce, "Haka dasashinsa yake. Ƙashi ne da 'yar fata a kai."

Linzamai sun kasu gida biyu ne in an bi yadda suke aiki, sauran bambanci duk rassa ne. Akwai wanda kamazuru ke ɗaure kai tsaye a zoben da ke bakin ƙarfen: ƙarfin da hannu ya ja, shi ke isa baki, ba ƙari. Akwai kuma mai ƙafafu da sarƙa, wanda kamazurun ke ɗaure a ƙarshen ƙafar da ta sauko ƙasa da baki. Wannan na biyun in an ja, ƙafar tana juyawa baya, guntun da ke sama da bakin ƙarfen ya yi gaba ya janyo fatar linzamin da ta haye kai ta danna ƙeya, sarƙar kuma ta matse ƙarƙashin haɓa, muƙamuƙin ƙasa ya shiga tsakanin ƙarfe da sarƙa. Gwargwadon yadda ƙafar ƙasa ta fi guntun sama tsawo, gwargwadon yadda ƙarfin hannu ke ninkuwa. Shi ya sa hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta ƙayyade cewa a gasar nuna horo ƙafar nan kada ta wuce santimita 10. Baba ya nuna mini yadda ake ɗaura sarƙar duk da ba ita za mu sa ba: a murɗa ta har ta kwanta shafal ba ƙulli, a maƙala ta yadda ba za ta fara kamawa ba sai ƙafar ta juya kimanin digiri 45. In ta fi haka matsewa, doki ba ya samun gargaɗi kafin matsi ya sauka. In ta yi sako-sako, ƙarfen yana juyewa fiye da kima a cikin baki.

Ni ban ɗauki linzami mai sarƙa a matsayin mugun abu ba. A bakin dokin da ya gama horo, a hannun mahayin da ke iya tsayar da shi da zama da motsin yatsa, kayan aiki ne mai kyau. Sai dai ba a koya wa ɗan doki juyawa da shi, don jan gefe ɗaya yana karkatar da ƙarfen gaba ɗaya, saƙon ya rikice. Kuma dokin da ke gudun ciwo, in an ƙara masa ciwo, zai tsaya na ɗan lokaci, sannan ya nemo wata hanyar gudu, sau da yawa tabarya, wato tashi tsaye a kan ƙafafun baya.

Muka tsaya a gida na farko. A nan ma akwai zaɓi. Mai gaɓa ɗaya yana naɗewa a tsakiya in an ja, ya matse harshe ta gefe biyu ya sauka a dasashi. An daɗe ana cewa gaɓar tana caka ganɗa, amma hoton cikin baki da Hilary Clayton, likitar dabbobi mai bincike kan dawaki, ta ɗauka da na'urar haska ƙashi a 1984 ya nuna cewa in an ja kamazuru ƙarfen yakan nutse ne cikin harshe, ya yi nesa da ganɗa. Duk da haka, a baki mai ƙarancin wuri irin na Bidi, gaɓar tana iya taɓa sama ko ba a ja ba. Mai gaɓa biyu yana da ɗan guntu a tsakiya wanda ke kwanciya a kan harshe, yana bin lanƙwasar baki. Akwai kuma miƙaƙƙe marar gaɓa, da wasu dawaki ke so don ba ya motsi, amma yana ɗora nauyinsa duka a harshe, abin da mai kaurin harshe ba ya yabawa. Game da abin da aka ƙera shi da shi, ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi ƙarko. Mai haɗin tagulla da baƙin ƙarfen da ke yin tsatsa da gangan suna sa yawu ya zubo. Na roba yana da laushi amma yakan yi kauri, ya ja leɓe in baki ya bushe, kuma haƙori yana tauna shi ya bar kaifi.

Dokar Baba ita ce abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a ba shi kwanaki, don a san abin da ya yi aiki. Mun fara da mai gaɓa biyu, milimita 14, mai zobe mai juyawa, santimita 13.5. Hangame baki ya ragu sosai, amma Bidi ya mai da zoben abin wasa, yana ta karkaɗa shi, in an juya shi kuma ƙarfen yana ɗan zamewa. Muka bar bakin ƙarfen yadda yake, muka canza gefen kawai zuwa kafaffen zobe mai miƙaƙƙen gefe, santimita 12.5. Miƙaƙƙen gefen yana tura kumatu ta ɗaya ɓangaren in an ja, sai ɗan doki ya gane juyawa da sauri. A kan wannan muka zauna.

Sakawa ma tana da nata. Linzami mai gaɓa yana da gaba da baya: in ka naɗe shi a hannu ya haɗe lami lafiya, lanƙwasar tana bin harshe, daidai ne; in ya ƙi naɗewa ya tokare, a juye yake. Ba a buga ƙarfe a haƙori don doki ya buɗe baki. Ana zura babban yatsa a kusurwar leɓe, inda ba haƙori, sai ya buɗe da kansa. Wajen cirewa ma a jira ya saki da kansa, don ƙarfe ɗaya da ya daki haƙorin gaba ya isa ya sa doki ya riƙa fizge kai duk lokacin da aka zo cirewa. Tsayin zama kuwa, abin da aka saba faɗa shi ne a ga tattara ɗaya ko biyu a kusurwar leɓe. Baba ya ce wannan mafari ne kawai, don leɓen wani doki dogo ne, na wani gajere, na wani mai nama. Shi buɗe leɓen yake yi ya duba: kada ƙarfen ya sauko ya taɓa fiƙa, kada ya hau ya jingina da turmi. Sannan ya ja fatun linzamin da ke bin kumatu waje, in sun ba da sarari kaɗan suka koma, ya yi. In sun tsaya ƙam kamar za su tsinke, ya yi sama da yawa. In sun buɗe suna lilo da an taɓa kamazuru, ya yi ƙasa, doki zai iya ɗora harshe a kansa. Ramukan dama da hagu kuma dole su zo ɗaya.

Maɗaurin maƙogwaro yatsu huɗu ake bari. Na hanci yana zama kamar yatsu biyu ƙasa da ƙashin kunci, kuma yatsu biyu su shiga tsakaninsa da ƙashin hanci, a sama, ba a gefe inda nama ke lotsawa ba. Doki ta hanci kaɗai yake numfashi, kuma yana buƙatar motsa muƙamuƙi don ya haɗiye yawu. Maganar ta kai har FEI ta fito da wani ɗan ma'auni a 2025, mai kaurin santimita 1.7, wanda dole ya ratsa ƙarƙashin maɗaurin a wuraren gasarta. Ni a ganina dokin da ke buɗe baki magana yake yi, rufe masa baki kuwa ba ya amsa maganar.

Bayan kowane hawa nakan ɗaga leɓe in duba kusurwa da dasashi, ko akwai ja ko gurzuwa. Alamar da muke nema ita ce baki a rufe, tauna a hankali jefi-jefi, da ɗan farin kumfa siriri a bakin leɓe. Kumfar da ke dalala har ƙirji ba lalle alamar jin daɗi ba ce, tana iya nuna cewa dokin ya kasa haɗiya.

Baki ya lafa, amma kai bai sauko ba. Bidi ya saba tafiya da wuya a sama, gadon baya a lotse, ƙafafun baya suna jan jiki a can baya, naman ƙarƙashin wuyansa ya fi na sama girma. A nan ne Baba ya yarda a ɗauko igiyoyin horo, amma daga ƙasa, ba mahayi. Muka sa masa ɗamarar horo mai zobba a jiki, da ragama mai zobe a kan hanci a haɗe da linzamin, don doguwar igiyar kewaye, wadda mutum ke riƙewa a tsakiya doki na zagaya shi, ta kama hanci, ba baki ba. Igiyar tana kai mita 8, da'irar kuma ba ta gaza mita 15 zuwa 20 a faɗi, don ƙaramar da'ira tana cin gaɓoɓin ɗan doki. Safar hannu dole ce, kuma ba a naɗa igiya a hannu.

Igiyoyin gefe su ne na farko: fata biyu, kowace da zoben roba a tsakiya, daga zoben ɗamara zuwa zoben linzami. Ba a maƙala su a barga, ba a jan doki da su, ba a barinsa tsaye da su. Sai ya fara kewaye ta hannu biyu ba komai, ya yi tafiya, ya yi sassarfa, jiki ya ɗumama. Sannan Baba ya tsayar da shi, ya sa igiyoyin a rami mafi tsawo, a tsayin da za su tafi kusan miƙe zuwa baki. Ya maƙala ta waje, ya zagayo ya maƙala ta ciki, nan take ya ja da baya ya kora shi gaba. Ya ce wannan ɗan tsakanin shi ne mafi haɗari a duk aikin. Dokin da ya ji an tare shi ta gaba, ba a buɗe masa hanya ba, baya zai yi, igiyar ta ƙara kamawa, ya tashi tsaye, ya kifa ta ƙeya. Akwai dawakin da suka mutu ta haka. Wajen kwancewa kuma ta ciki ake fara cirewa.

Ina tsaye a tsakiya kusa da shi, idona a kan dokin. Ya ce, "Ba can za ka duba ba, ɗana. Dubi sawu." A kan yashin da'irar, kofaton baya yana sauka kusan taƙi ɗaya bayan sawun na gaba. Baba ya ɗaga bulala ya nuna cinya, ya yi ɗan sauti da harshe, bai taɓa shi ba. Bidi ya ƙara taku, ya ɗaga kai, ya ci karo da igiya, ya fizga, ya sake fizga. Baba bai rage igiyar ba, bai kuma bar shi ya rage sauri ba. Can sai ƙafar baya ta fara shiga ƙarƙashin ciki, sawun baya ya faɗa cikin sawun gaba. Wuyan ya miƙe gaba ya sauko daga tushe, naman da ke gaban kafaɗa ta sama ya cika, na ƙarƙashin wuya ya saki yana rawa. Wutsiya ta fara lilo, ya furzar da iska ta hanci. Igiyoyin ba su yi lilo ba, ba su kuma ɗame ba, sun tsaya da ɗan nauyi daidai a gefe biyu, shi da kansa ya je ya same su. Bai fi taku goma ba ya sake ɗaga kai. Baba ya bar shi ya ƙara samun wurin sau ɗaya, ya tsayar da shi, ya kwance. Aikin ranar ke nan.

Daga nan aka riƙa rage igiyar rami ɗaya-ɗaya cikin makonni, kuma akwai iyakar da ba a wucewa. In ka tsaya a gefe ka saukar da layi a ido daga goshi zuwa ƙasa, hanci ya kasance a gaban layin da kamar faɗin tafin hannu. In ya koma bayan layin, igiya ta yi gajarta ko kora ta yi kaɗan. Yawancin aikin a sassarfa ake yi. A tafiyar taku doki yana buƙatar kaɗa wuya gaba da baya, igiya kafaffa tana hana shi, in an daɗe takun ya lalace. Duk zaman, da ɗumi da hutu, ba ya wuce minti 20, ana canza hannu a tsakani. Wasu masu horo suna rage ta ciki rami ɗaya ko biyu don doki ya lanƙwasa. Baba yana barinsu daidai, ya ce in ka janyo kan ciki, kafaɗar waje ce za ta fice. Makarantar hawa ta Sifaniyawa da ke birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ma da igiyoyin gefe take fara 'yan ingarmunta a kewaye.

Da Bidi ya fara neman miƙa wuya ƙasa fiye da yadda igiyoyin gefe za su bari, muka koma masu zamewa: igiya ta taso daga majayi ta tsakanin ƙafafun gaba, ta rabu biyu, kowace ta ratsa zoben linzami ta koma jikin ɗamara. Tunda tana zamewa a zoben, doki yana iya sauke wuya ya miƙa ba ta tare shi ba. Rauninta shi ne ba ta ba shi abin jingina tsayayye, dokin da ke son naɗe wuya zai samu hanya. Akwai kuma Shambon, ta Faransawa, wadda ke tasowa daga ƙirji ta bi ta gefen ƙeya ta sauko linzami. Tana matsa ƙeya da kusurwar baki in kai ya hau, ta saki gaba ɗaya in ya sauko ya miƙe. Ta kewaye ce kawai, ba a hawa da ita. Ba mu buƙace ta ba.

Igiyar zarge kuwa na tambaya, tunda ita aka fi yi mini talla. Ita daga majayi take tasowa, ta ratsa zoben linzami, ta zo hannun mahayi. Saboda ta ratsa zobe ta dawo, ƙarfin hannu yana ninkuwa kusan biyu, mahayi kuma ba ya jin yawan abin da yake ja. Baba bai yi dogon bayani ba, ya sa aka fito da wata goɗiya da aka kawo masa gyara, ya ce in hau. Ban taɓa jin hannu wayam irin haka ba. Da na taɓa kamazuru sai ta kai haɓa ƙirji, wuyan ya karye a bayan ƙeya da kamar taƙi ɗaya, wajen ƙashin wuya na uku, maimakon ƙeya ta zama ita ce ƙololuwa. Daga nesa kyakkyawa ce, mai lanƙwasasshen wuya. A kanta kuwa ba birki, ba tuƙi, baya a sandare. Ya ce sauke kan da ya hau aikin watanni ne, fito da wanda ya ɓuya a ƙirji kuwa yakan ci shekara, wani ma ba ya dawowa.

Ba Baba kaɗai ke ƙyamar abin ba. A 2010 FEI ta bayyana cewa naɗe wuyan doki da ƙarfin tsiya ba abin yarda ba ne, ƙasar Suwizalan ta haramta shi a dokarta a 2014, hukumar dawakinta kuma ta hana igiyar zarge a wuraren gasa daga 2016. Masu iya amfani da ita suna riƙe ta ne tare da kamazuru na ainihi, kamazurun ke magana, ita tana sake, ba ta kamawa sai kai ya wuce iyaka, kuma ana sakinta a daidai lokacin da ya dawo. Sakin nan shi ne darasin, domin doki yana koyon abin da ya yi ne a daidai lokacin da matsi ya ɗauke. Mahayin da hannunsa ya kai ga wannan daidaito, da wuya ya buƙace ta.

Da na koma hawa, abin da ya rage aikin hannuna ne da ƙafata. Baba ya sa na riƙa lura da layi daga gwiwar hannu zuwa bakin doki, ya zama miƙaƙƙe, gwiwar tana bin motsin wuya. Tsayawa daga zama take farawa, sai rufe yatsu, sai saki da zarar ya amsa, ko da rabin amsa ce. Don fita fili, inda abu zai iya firgita shi ya watso kai ya daki fuskata, mun sa maɗaurin ƙirji mai zobe biyu da kamazuru ke ratsawa. Aunawarsa ita ce in an ɗaga zobban su kai kusan saman kafaɗa, yadda ba za su karya layin kamazuru ba sai kai ya haura sosai. Ana kuma sa 'yan robobin tsaro a jikin kamazuru, don kada zobban su zame su maƙale a maɗaurin linzami.

Yanzu igiyoyin gefe ba sa fitowa sai jefi-jefi, in ya daɗe bai yi aiki ba. Likita ya ce a riƙa duba bakinsa duk wata shida har ya gama canza haƙora, daga nan sau ɗaya a shekara. Linzamin ina ɗauraye shi bayan kowane hawa, don busasshen yawu da ciyawa suna gurje leɓe, kuma ina bin gaɓoɓinsa da yatsa ko ƙarfen ya cinye ya yi kaifi. Igiyoyin gefen ma na daina yarda da ƙidayar ramukansu. Fata tana miƙewa, kuma ba ta miƙewa daidai: da na jera su a ƙasa kwanan baya, duka a rami na biyar, ta hagu ta fi ta dama da kusan santimita 2. Sai da na huda sabon rami kafin suka zo ɗaya.